Mayar da injin 125 zuwa 150 ko 200: wa ya taɓa gwadawa a nan Legas?

Ɗan_Ile_Epo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san cikin inji. Ina da mashin ɗan Caina mai injin CG 125, wato mai girman 125cc, shekara uku ke nan yana hannuna, kuma tun bara na gama biyan kuɗinsa. Yanzu ba kasafai nake ɗaukar fasinja ba, kaya nake kaiwa. Da asuba nake lodin albasa da dankali da doya a kasuwar Ile-Epo in rarraba wa masu shaguna a Aboru da Ipaja har Ayobo. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ni da kuka da shi. Amma in na ɗora buhu biyu na doshi hawa, sai na komo giya ɗaya, inji na ihu, ni kuma ina tokara ƙafa a ƙasa ina taya shi. Kwanan nan kuma ya fara shan baƙin mai, da safe in na tayar da shi sai shuɗin hayaƙi ya biyo salansa.

Makanikena ya ce tunda buɗe injin ya zama dole, in bari ya cire bulo (gidan da fistin ke kai-komo a ciki) da fistin na 125 ya sa na 150. Wani abokin aikina kuma ya ce wane 150, in kai shi 200 gaba ɗaya in samu shiga aikin kai saƙo na kamfanoni, tunda su 200 suke nema. Abin da na tara ba shi da yawa, kuma da mashin ɗin nan nake riƙe gida biyu, nan da can. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mini gaskiya. Ƙarfin yana ƙaruwa? Shan mai fa? Kuma injin yana daɗewa bayan an yi masa haka?

Sani_Boxer:
Wa alaikumus salam. Kar ka taɓa. Sa masa sabon ringi ka ci gaba da neman abincinka. Yadda kamfani ya ƙera inji haka ya fi zama lafiya.

Baba_Makanike_Ojo:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki, tun ana yayin Jincheng mai hayaƙi, to bari in raba maka maganar gida biyu, domin 150 da 200 ba hanyarsu ɗaya ba.

Injin CG 125 faɗin fistin ɗinsa milimita 56.5 ne, tafiyar da yake yi daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 49.5. Na 150 faɗinsa 62, amma tafiyar ita ce dai 49.5. Shi ya sa ake iya ɗora bulon 150 a kan gindin 125 ba tare da an taɓa karanshaf ba. Na yi wa mutane da dama, kuma yana aiki. Sai dai wani gindin bakinsa ƙarami ne, hannun rigar bulon 150 ba ya shiga sai an kai wa masu injin gundura sun buɗa shi kaɗan. Sannan a duba fin ɗin da ke riƙe fistin, akwai mai 13 akwai mai 15, in ka sayo wanda ba naka ba ka yi asarar kuɗin mota zuwa kasuwa.

Shi kuwa 200, tafiyar fistin ɗinsa ta haura milimita 62. Karanshaf ɗinsa daban, bulonsa ya fi tsawo. Duk wanda ya ce zai mayar maka da 125 ɗinka 200 da bulo kaɗai, ko bai san aikin ba ko kuɗinka yake so. Sai dai a sauke inji ɗungurungum a ɗora wani.

Ɗan_Ile_Epo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To na 150 ɗin, zan ji bambanci a hawa?

Baba_Makanike_Ojo:
Za ka ji. Inda kake komawa giya ɗaya za ka iya wucewa da giya biyu. Amma gudu a miƙaƙƙiyar hanya kar ka sa rai da yawa, ja ne yake ƙaruwa.

Malam_Lissafi:
Ni ba makanike ba ne, koyarwa nake yi a wata makaranta a Agege, amma alƙaluman da Baba ya kawo sun isa mutum ya auna da kansa. Ka ninka faɗin fistin da kansa, ka ninka da tafiyarsa, ka ninka da 0.7854, sai ka raba da 1000. Da 56.5 da 49.5 za ka samu 124. Da 62 da 49.5 za ka samu 149. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan, kuma ba kaɗan ba ne ga mai hawa da buhu biyu. Na kuma gwada in ga wane faɗi ake bukata kafin tafiyar 49.5 ta ba da 200, sai na ga kusan milimita 72 ne. Ina za a samu wurin wannan a gindin 125? Maganar Baba ta zauna.

Yaron_Alaba_Rago:
Ni fa makanikena borin kawai ya yi mini, wato ya ɗan buɗa cikin bulo, ya sa fistin oba mai ɗan ƙarin faɗi, kuma wallahi mashin ya zama wani abu daban. Ya ce yanzu ya kai 140.

Malam_Lissafi:
@Yaron_Alaba_Rago ɗan'uwa, fistin oba hawa-hawa ne, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Ko na ƙarshen aka sa maka, faɗin ya koma 57.5, lissafi bai kai 129 ba. Abin da ka ji shi ne ƙarfin da injin ya rasa saboda tsufa ya dawo. Da can iska na zurarewa ta gefen ringi, yanzu ta daina.

Yaron_Alaba_Rago:
To ai ni dai na ji daɗinsa Malam, ko nawa ne.

Sani_Boxer:
Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Mai tambaya da kansa ya ce mashin na shan baƙin mai yana hayaƙi. Injin da ya gaji ne. Wa ya sani ko in an gyara shi a 125 ɗinsa zai hau tudun nan lafiya? Lokacin da yake sabo ai bai kawo mana kuka ba.

Ɗan_Ile_Epo:
@Sani_Boxer gaskiya lokacin da yake sabo fasinja nake ɗauka, ban taɓa gwada shi da irin lodin yanzu ba. Buhun albasa babba guda ya fi wani fasinjan nauyi, ga shi ba ya gyara zama in an zo kwana.

Basakkwace_Mile12:
Ni dai na yi, kuma na yi da-na-sani, amma laifin ba na bulo ba na. Wanga yaro da ya yi min aikin bai taɓa kafireta ba, ya bar jet ɗin 125, ɗan ramin nan da fetur ke bi, yadda yake. Sati biyu mashin na tashi kamar doki, ina ta murna. Ran nan munka shiga cunkoso wajen Ikorodu da rana tsaka, sai na ji zafi na dukan ƙafata ta cikin wando, inji ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, sai ya ɗauke. Da anka buɗe, kan fistin ya ci wuta, gefensa ya kama jikin bulo. Kuɗi biyu na kashe a wata guda.

Baba_Makanike_Ojo:
Sannu Basakkwace. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe irin wannan aiki, kuma ku saurara da kyau. Ka faɗaɗa ciki, inji na zuƙar iska fiye da da, amma fetur ɗin da ke shiga bai ƙaru daidai da ita ba. Wuta mai ƙarancin mai ta fi zafi. Injinan nan kuma ba ruwa ke sanyaya su ba, iskar hanya ce, a cunkoson Legas kuwa ina iskar take? Dole a ƙara girman jet, ko a sa kafiretar da ta dace. Ta 125 yawanci PZ26 ce, ta 150 PZ27, ta 200 PZ30.

Kuma ba sai ka yarda da bakin makanike ba, filogi zai faɗa maka. Bayan an gama aiki ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka tsaya, ka bari ya huce, ka kwance filogi ka dubi bakinsa. In ya yi fari fat kamar toka, mai ya yi kaɗan, kar ka ƙara ko taku ɗaya da lodi. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Abin da ake so shi ne ruwan shayi mai madara.

Akwai kuma maganar kan inji, wanda ke rufe saman bulo. Kan 125 an yi raminsa daidai da ƙaramin fistin. In ka ɗora shi a kan babba, matsi na ƙaruwa, kuma daga nan ƙarar tsakuwar da Basakkwace ya ji take fitowa. Ni in mutum na da hali, bulo da kai da kafireta nake cewa ya saya tare, duk na 150. Bawul ɗin kan 150 ma sun fi faɗi, inji ya fi samun numfashi.

Auwal_Dispatch:
Duk kun tsaya a ƙarfe kun bar babbar maganar. Mai tambaya ya ce yana son shiga aikin kai saƙo. Ni shekara huɗu ina yi. Ɗan'uwa, ko da za ka sa injin jirgi, takarda ake dubawa. Dokar hanya ta jihar Legas ta 2012, zamanin Fashola, ita ta hana acaba a hanyoyi 475, kuma ita ta kawo maganar 200cc ga masu kai saƙo da ke son bin manyan hanyoyi. An sake tabbatar da abin a dokar sufuri ta 2018. Mashin ɗinka a takarda 125 ne. Bulo ba ya canza wannan. Kamfanin da zai ɗauke ka zai nemi takardun mashin ya gwada lambar inji da ta firam, ga akwati a baya, ga rajistar kai saƙo, ga lasisinka. Da yawa ma nasu mashin suke ba ka.

Ɗan_Ile_Epo:
To in na sauke injin gaba ɗaya na sa na 200 fa, kamar yadda Baba ya ce?

Auwal_Dispatch:
Nan ma sai lambar inji ta saɓa da abin da ke takarda. In aka tare ka aka duba, tambayar farko ita ce ina ka samo wannan injin, domin satar mashin ta yi yawa. Dole ka riƙe rasit na gaske mai lambar injin a jiki, kuma ka je a gyara takardunka. In ka haɗa kuɗin inji da na gyaran takarda da sauran abin da zai biyo baya, ka kusa kuɗin Qlink 200 na hannu. Sayar da naka ka cika.

Abu_Hanifa_Idi_Araba:
Ƙarin bayani a kan maganar Auwal. Kar wani ya karanta ya ɗauka 200cc lasisin ɗaukar fasinja ne a ko'ina. A watan Fabrairun 2020 da gwamnatin Sanwo-Olu ta sa haramci, kamfanonin acaba irin su Gokada ai manyan mashina suke da su, amma haramcin ya haɗa da su, suka koma kai kaya. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mu nan Idi-Araba muna cikin Mushin, mun ga abin da idonmu. Mashin ɗin da aka kama kuwa niƙe shi ake yi, ba a tambayar nawa ka kashe a injinsa.

Basakkwace_Mile12:
Gaskiya ne. Mu ma Mile 12 cikin Kosofe muke, shi ya sa na koma wajen Ikorodu. Yara da yawa da munka zo tare sun koma gida, wasu sun tsallaka Ogun, Mowe da Ibafo da Sango.

Ɗan_Borno_77:
Ni nawa biyu aka tafi da su. Na biyun ban gama biya ba, wata bakwai ina biyan kuɗin abin da babu shi. Don haka shawarata ga duk mai mashin a garin nan, kar ya zuba dukiyarsa a cikinsa. Abin da za a iya raba ka da shi da safe ɗaya, ka kashe masa iya abin da zai motsa kawai.

Hajiya_Mai_Turare:
Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa. Ni ina sayar da turaren wuta da humra ta waya, kullum sai na nemi mai kai saƙo. Abin da na lura, 'yan'uwanmu kaɗan ne a wannan aiki, alhali sun fi kowa sanin lungunan garin nan. Da ina da mutum namu mai cikakkun takardu wanda zai ɗauka daga Agege ya kai Lekki ko Surulere, da na huta, kuma na san mata da yawa masu kilishi da atamfa da za su ba shi aiki. Don haka ni ina bayan maganar Auwal. Ƙanena, in da hali ka daure ka nemi 200 na asali.

Ɗan_Ile_Epo:
Na gode Hajiya. Matsalar ita ce karatun boko na bai yi nisa ba, aikin nan kuma na ga duk da waya da taswira ake yi.

Auwal_Dispatch:
Ni ma firamare na tsaya. Sati biyu ya ishe ka koyon taswirar. Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri da masu karɓar kaya da tsayuwa a ƙofar gidajen da ba a barin mashin ya shiga.

Mai_Shayi_Obalende:
Ni tambayata, mashinan nan masu batir da aka fara gani, ba su fi ba? An ce suna da ja sosai kuma babu ruwanka da fetur.

Yaron_Alaba_Rago:
In batir ya ƙare maka a Ayobo da buhu biyu, a ina za ka canza?

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya don Allah. Maganar masu batir a buɗe mata nata zaren. Bawan Allah ya yi tambaya uku, har yanzu ba wanda ya amsa masa ta shan mai.

Garba_Ipaja:
Bari in amsa, don ni na yi kuma har yau a kansa nake, wata goma sha huɗu ke nan. Hanyarmu ɗaya da mai tambaya, ni buredi da ruwan leda nake kaiwa. Shan mai ya ƙaru, amma bai kai yadda ake tsoratarwa ba. Dalili shi ne da can a hawa sai na murɗe totur har ƙarshe a giya ɗaya, yanzu rabin totur a giya biyu ya wadatar. Ranar da nake da lodi kusan ɗaya suke da da. Ranar da nake yawo babu kaya, nan ne nake ganin tanki na sauka da wuri. Kuma gaskiya hannu ma na da laifi, in mashin na amsawa sai ka riƙa murɗawa ba dalili.

Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka, kowa ya koyi lissafin mai. Ni abin da nake yi, in cika tanki har baki, in rubuta lambar mita, in na sake cikawa in duba. Ka yi haka sati guda kafin a buɗe injin, ka sake bayan an gama, ka ga ba ka bukatar jin ta bakin kowa.

Abin da ya ba ni wahala shi ne kuloci. Wata biyu da yin aikin ya fara zamewa, in na murɗa a hawa sai ƙara ta tashi mashin bai tashi ba. Sai da na sa sababbin faranti da sifirin masu tauri.

Sani_Boxer:
To ka gani. Bulo, fistin, kai, kafireta, yanzu kuma kuloci. Gobe sarƙa. Garin neman ƙiba a samo rama. Da wannan kuɗin ai gara ya sayar ya sayi Boxer BM150, kamfani ya riga ya haɗa komai daidai da juna.

Garba_Ipaja:
@Sani_Boxer kuɗin ba su kai nan ba ko kusa. Ka tuna shi dole ne ya buɗe inji ya sayi fistin da ringi da gasket ko da a 125 zai tsaya. Bambancin kawai za ka lissafa. Kuma kayan CG ko'ina akwai su, daga Nnewi ake cika kasuwannin nan da su, sun fi na Boxer sauƙin kuɗi.

Baba_Makanike_Ojo:
Sauƙin kuɗin nan shi ne wani tarkon. Bulon 150 kala-kala ne a kasuwa, kwali iri ɗaya, ciki daban. Araha ba ta ado. Ka je da makanikenka, a buɗe kwalin a gabanka. Ka sa yatsa ka shafa cikin bulon, ka ga zanen gicciye siriri a jikinsa, shi ke riƙe baƙin mai. Ka zura fistin babu ringi, ya sauka a hankali, kar ya faɗa kamar dutse a rijiya kuma kar ya cije. Ka sa ringi ɗaya a cikin bulon ka dubi tazarar bakinsa, in bakin ya haɗe babu tazara, da ya yi zafi zai kama.

Usman_Kafinta:
Ni akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma ya fi duk wannan sauƙi. In ja yake nema ba gudu ba, me zai hana ya canza sifaket, faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa? Nawa na baya mai haƙori 42 ne, na mayar da shi 45, na gaba na bar shi a 14. Katako nake ɗauka, kuma bambancin a hawa a fili yake. Gudu ya ragu kaɗan, to ina ma wurin gudun a Ipaja?

Malam_Lissafi:
Daga 42 zuwa 45 ƙarin ja na kusan kashi 7 cikin ɗari ne a taya. Bai kai na bulo ba, amma kuɗinsa ma bai kai ba, kuma in bai yi maka ba minti talatin ka mayar da tsohon.

Baba_Makanike_Ojo:
Usman ya kawo magana. Sai dai a sani, inji zai riƙa juyawa da sauri a kowace giya, kuma wataƙila sai an ƙara wa sarƙa gaɓa. In za ka canza, canza sarƙar da sifaket biyun tare, tsohuwar sarƙa cinye sabon haƙori take yi.

Nura_Igbobi:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Sunan da kuka ga ina amfani da shi, daga asibitin ƙashi na Igbobi na samo shi, wata uku na yi a kwance a can. Ni injin 200 na ɗora a firam ɗin 125. Na ji daɗinsa ƙwarai, ba na musu. Amma birkina na nan yadda yake, na ganga gaba da baya, tayoyin ma sirara irin na da. Ran da abin ya faru ina gangarowa da buhun shinkafa biyu, an yi yayyafi, wata danfo ta tsaya a gabana ba sigina don ɗaukar fasinja. Na taka na baya, na damƙe na gaba, mashin bai san ina yi ba. Gudun da na saba tsayawa a kansa da tsohon inji ba shi ne a ƙarƙashina ba ranar. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu, har yau da ƙarfe a ciki, in sanyi ya sauko ina jin sa.

Ban ce kar ka yi ba ɗan'uwa. Amma duk naira da za ka sa don mashin ya tashi, ka ware wata don ya tsaya. Takalmin birki mai kyau, sabuwar wayar birki, taya mai zane, shokazoba da ba ta mutu ba. Da hular kwano, ita ta sa nake rubuta wannan.

Hajiya_Mai_Turare:
Innalillahi. Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan_Borno_77:
Amin. Sannu Nura.

Garba_Ipaja:
Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya ne, ni ma sai da na canza takalmin birki na ji hankalina ya kwanta. Amma 150 da 200 akwai rata. Injin 200 ya fi nauyi, girgizarsa ta fi yawa, na ga firam ɗin da ya tsage a wurin ƙusar inji saboda shi. Na 150 a ido ma ba ka bambanta shi da 125.

Abu_Hanifa_Idi_Araba:
Ana bambantawa ga wanda ya sani. Yawancin bulo akwai rubutu a gindinsa, 124 ko 149. Kuma ranar da za ka sayar, ka faɗa wa mai saye abin da aka yi wa injin. Amana ce.

Ɗan_Ile_Epo:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Nura, maganarka ta shige ni, jiya da na sauke kaya sai da na tsaya na dubi tayata ta baya, ta yi sumul kamar tafin hannu, ban ma lura ba. Na canza ta yau da safe.

Mun buɗe injin ɗazu. A jikin gindinsa ta hagu an rubuta 156FMI kafin dogayen lambobin. Fin ɗin mai 15 ne. Cikin bulon akwai zane biyu masu zurfi daga sama har ƙasa, farce na kamawa in ka shafa. Makanikena ya ce ringi kaɗai ba zai yi ba, ko borin ko sabon bulo. Maganar 200 na ajiye ta tukuna, in Allah ya hore bayan sallah zan nemi Auwal. Yanzu tsakanin sabon bulon 125 da sifaket irin na Usman, ko 150 da kai da kafireta, nan na tsaya.

Baba_Makanike_Ojo:
Lambar nan ta faɗi komai. 56 ɗin faɗin fistin ne, harafin I na ƙarshe kuma 125. Na 150 za ka ga 162FMJ, na 200 kuma 163FML. Zanen da ka gani, ko ƙura ce ta shiga ko an bar shi babu baƙin mai. Duba soson iska, in ya yage ka canza, in ba haka ba sabon bulon ma haka zai yi. Kuma kowanne ka zaɓa, kilomita 500 na farko ba lodi mai nauyi, ba murɗe totur, sannan ka zubar da baƙin man ka sa sabo, 20W-50.

Ɗan_Ile_Epo:
Baba, kilomita 500 babu lodi? To me za a ci a gida?

Garba_Ipaja:
Ni buhu ɗaya-ɗaya na riƙa ɗauka, sawu biyu maimakon ɗaya, kwana goma. Na faɗa wa masu shaguna tun kafin lokaci, ba wanda ya gudu.

Sani_Boxer:
Ni har yanzu ina kan bakana. 125 da sifaket.

Usman_Kafinta:
In kana so gobe bayan azahar ka same ni a Ipaja ka hau nawa da lodi ka ji. Gani ya kori ji. Garba ma ai kusa yake, sai ka hau nasa ka gwada su a tudu ɗaya.

Baba_Makanike_Ojo:
Kafin ka sayi komai, tunda inji a buɗe yake, ka ce wa makanikenka ya kama konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya ja shi sama ya danna ƙasa. Motsin gefe kaɗan ba laifi. In ka ji yana wasa sama da ƙasa ko da ƙanƙani ne, kar a ɗora masa fistin 62, sai an gyara ƙasan tukuna. Ka duba ka faɗa mini abin da ka ji.